Sayyidina Umaru Ɗan Haɗɗabi: Halifan Da Ya Buɗe Wa Soja Littafi

 A wannan fitowa za mu kawo muku tarihin Halifa na biyu, Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi (R.A.). Mun san babu wanda ya zauna gaban malami bai ji labarin adalcinsa da kwarjininsa ba. Amma akwai wani gefe na rayuwarsa da ba a cika tsayawa a kansa ba a wajen wa'azi, wato yadda ya tsara rundunar Musulmi ta fuskar abinci da albashi da masauki da abin hawa da kula da iyalan mayaƙa. Mu da muka tashi cikin fatauci mun san ayari ba ya isa inda ya nufa don ƙarfin madugu kaɗai. Sai an san yawan mutane, an san guzuri, an san inda za a yada zango. To, haka yaƙi yake, kuma a nan ne Umaru ya yi zarra.

Asalinsa da tasowarsa

An haife shi a Makka wajen shekara ta 584 Miladiyya, a gidan Banu Adiyyi na ƙabilar Ƙuraishawa. Mahaifiyarsa Hantama daga Banu Mahzum take. Yana yaro ya yi kiwon raƙuman mahaifinsa, wanda mutum ne mai tsanani ƙwarai. Da ya girma ya yi suna wajen kokawa a kasuwar Ukaz, ya yi fatauci, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da suka iya karatu da rubutu a Makka. Gidansu ne ke riƙe da jakadanci, idan Ƙuraishawa sun sami saɓani da wata ƙabila, daga cikinsu ake tura mai magana. Duk waɗannan sun yi masa rana daga baya, don makiyayi ya san cin dabba, falke ya san lissafi, jakada kuwa ya san halin mutane.

Ya musulunta a shekara ta shida da aiko Manzon Allah (S.A.W.), bayan ya ji karatun Suratu Ɗaha a gidan ƙanwarsa Faɗimatu da mijinta Sa'idu ɗan Zaidu. Ya yi hijira zuwa Madina a 622, ya halarci Badar da Uhudu da Handaƙu da sauran yaƙoƙi, 'yarsa Hafsatu kuma ta zama ɗaya daga cikin matan Manzon Allah (S.A.W.). A zamanin Sayyidina Abubakar shi ne babban mashawarci. Da Abubakar ya rasu a shekara ta 13 Hijiriyya, wato 634, sai ragama ta dawo hannunsa.

Abin da ya tarar

A lokacin babu soja mai albashi. Idan an yi shelar yaƙi, kowa ya ɗauko takobinsa da raƙuminsa da ɗan guzurinsa. In an ci nasara a fitar da humusi, sauran kashi huɗu a raba wa waɗanda suka halarta, mai doki ya sami kaso uku, dakare ya sami ɗaya. Wannan tsari ya isa sa'ad da ake fita kwana kaɗan a dawo gida. Amma yanzu ga runduna a Sham tana fuskantar Rumawa, ga wata a Iraƙi tana fuskantar Farisawa, tafiyar makonni daga Madina.

Bai daɗe da hawa ba aka yi wa Musulmi mummunar ɓarna a Yaƙin Gada a bakin kogin Furatu, aka kashe shugaban rundunar, Abu Ubaidu Assaƙafi, mutane da yawa suka nutse. Waɗanda suka tsira suka dawo cikin kunya, wasu ma suka ƙi shiga gari. Ana zaton Umaru mai zafi zai hukunta su, sai ya lallashe su, ya nuna musu cewa ja da baya suka yi zuwa ga rundunarsu, shi ne kuma rundunar tasu. Ya san in ka wulaƙanta sojan da ya sha kashi, ka yi asararsa har abada.

Sannan ya ɗauki wani mataki mai nauyi. Abubakar ya hana ƙabilun da suka yi ridda suka tuba shiga runduna. Umaru ya buɗe musu ƙofa don ana bukatar mutane, amma ya hana a ba manyansu babban shugabanci. Ta haka jarumai irin su Ɗulaiha da Amru ɗan Ma'adikarib suka sami halartar Ƙadisiyya.

Da zai tura Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas zuwa wannan yaƙi na Ƙadisiyya, wajen shekara ta 636, sai ya umarce shi ya karkasa mutane goma-goma, kowane goma da shugabansu da ake kira arifi. Aka naɗa Abdurrahmanu ɗan Rabi'a alƙalin runduna kuma mai kula da ganima, Salmanu Bafarise ya zama mai wa'azi kuma mai binciko masauki, aka sa tafinta, aka sa magatakarda, aka kuma tura masu magani. Ku duba jama'a, yawancin waɗannan ba don sara da suka aka naɗa su ba, amma in babu su runduna ba ta tsayuwa.

Littafin diwani

Bayan nasarar Yarmuk a 636 da faɗuwar Mada'in, babban birnin Farisa, a 637, sai dukiya ta riƙa kwararowa Madina. An ruwaito cewa Abu Huraira ya zo daga Bahrain da dirhami dubu 500, har Umaru ya zaci gajiyar tafiya ce ta rikita masa lissafi, ya sa shi ya je ya kwana ya dawo da safe. Da gari ya waye lissafin bai canza ba. Aka zauna shawara, ko a auna wa mutane da mudu, ko a ƙirga musu. Waɗanda suka ga yadda sarakunan Sham da na Farisa ke yi suka ba da shawarar a buɗe littafi a rubuta sunan kowa da abin da zai karɓa. Wannan littafi shi ake kira diwani. Masu tarihi sun saɓa a kan shekarar, wasu sun ce ta 15 Hijiriyya, wasu sun ce ta 20.

Ya ɗora aikin a kan mutum uku masana nasabar Ƙuraishawa: Aƙilu ɗan Abi Ɗalib, da Mahrama ɗan Naufal, da Jubairu ɗan Muɗ'im. Suka fara da Banu Hashim, suka biyo da gidan Abubakar, sannan gidan Umaru, bisa jerin halifanci. Da ya gani sai ya ƙi. Ya ce a jera mutane gwargwadon kusancinsu da Manzon Allah (S.A.W.), shi kuma a ajiye shi inda nasabarsa ta ajiye shi. Danginsa Banu Adiyyi suka zo suna ƙorafi, ya kore su da faɗa, ya nuna musu ba za su ci da wuyansa ba.

Daga nan aka zo kan maganar da ta fi wuya, wato nawa za a ba kowa. Abubakar daidai-wa-daida yake rabawa, a ganinsa ladan riga shiga Musulunci yana wurin Allah, abin duniya kuwa kowa cikinsa ɗaya. Umaru ya ga ba zai daidaita wanda ya yaƙi Manzon Allah (S.A.W.) da wanda ya yi yaƙi tare da shi ba. Don haka ya yi matakai. Mutanen Badar dirhami 5,000 a shekara. Waɗanda suka biyo su har zuwa Hudaibiyya 4,000. Na bayansu har zuwa yaƙin ridda 3,000. Mutanen Ƙadisiyya da Yarmuk 2,000, wanda ya nuna bajinta ta musamman a ƙara masa 500. Waɗanda suka zo daga baya suka riƙa samun 1,000, da 500, da 300, har zuwa 200. Iyayen Muminai su ne a sama, Nana A'isha 12,000, mafi yawan sauran 10,000. Matan mayaƙa su ma an yanka musu nasu.

Ya ba Usamatu ɗan Zaidu fiye da abin da ya ba ɗansa Abdullahi. Abdullahi ya yi magana, don shi ma ya halarci yaƙoƙi. Uban ya amsa masa da cewa Usamatu ya fi shi soyuwa wurin Manzon Allah (S.A.W.), Zaidu kuma ya fi Umaru. Wanda ya yi wa ɗansa haka, wa zai zarge shi da son kai?

Kuɗin ba hannu da hannu Halifa ke bayarwa ba. Ana danƙa wa shugabannin ƙabilu, su miƙa wa arifai, kowane arifi ya kai wa mutanensa har gida. Arifi kamar mai unguwa yake, ya san wanda ya mutu, ya san wanda aka haifa, ya san wanda ya ƙi fita da aka yi kira. Littafin da ake biya da shi, da shi ake kiran mutum fagen fama. A wannan zamani ne kuma, shekara ta 16 ko 17, aka kafa ƙirgar shekara daga Hijira, bayan an kawo masa wata takarda mai ɗauke da watan Sha'aban ba a san na wace shekara ba. Duk ɗan kasuwa ya san takardar bashi marar kwanan wata rigima ce.

Abinci da maganar gonaki

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ban da albashin shekara, Umaru ya yanka wa kowa abincin wata, kuma bai yi da ka ba. Ya sa aka auno alkama jaribi ɗaya, wani ma'auni ne nasu, aka niƙa, aka yi gurasa, aka zuba mai, aka kira mutum 30 suka ci da rana suka ƙoshi. Da dare aka sake yin haka. To, abin da mutum 30 suka ci a zama ɗaya shi mutum ɗaya zai ci a zama 30. Sai ya yanke jaribi biyu a wata ga kowane rai, namiji da mace har da bawa. A wasu wurare ana haɗawa da man zaitun da ruwan tsami.

Amma daga ina wannan abinci zai riƙa fitowa kowace shekara? A nan ne aka yi muhawarar da ta fi kowace zafi a zamaninsa. Da aka ci ƙasar Sawad, wato ƙasar noma ta Iraƙi, da gonakin Sham, sai mayaƙa suka nemi a raba musu kamar yadda ake raba ganima. Manyan sahabbai irin su Bilalu da Zubairu suna wannan ra'ayi, kuma suna da hujja, don an raba ƙasar Haibara a zamanin Manzon Allah (S.A.W.). Umaru ya ƙi. Dalilinsa shi ne, in aka raba wa waɗanda ke nan yau, me za a ba na gobe? Da me za a tsare iyakoki, da me za a ciyar da marayu da gwauraye? Aliyu da Mu'azu ɗan Jabal suka goyi bayansa. Aka kwana ana ja-in-ja kafin magana ta zauna.

Sai aka bar gonaki a hannun masu su, su noma su biya haraji. Ya tura Usmanu ɗan Hunaif da Huzaifa ɗan Yamani suka auna ƙasar Sawad, Usmanu ya sami jaribi miliyan 36 na fili, aka yanka haraji gwargwadon abin da ake shukawa. Da suka dawo sai da ya tuhume su ko sun ɗora wa ƙasar abin da ba za ta iya ɗauka ba. Soja kuwa aka hana shi zama manomi, don wanda ya shuka ba ya son barin gona ranar da aka buga tambari. Mu a harshenmu na kasuwa sai mu ce ya hana a cinye uwar kuɗi, ya ce a ci riba.

Garuruwan soja

Bayan cin Mada'in, Sa'adu ya zauna a can da rundunarsa. Da wakilansu suka zo Madina, Umaru ya ga sun rame, launinsu ya canza. Ya bincika, aka gaya masa iskar wurin ce da laima ba su karɓe su ba. Ya rubuta cewa Balarabe ba ya lafiya sai a ƙasar da raƙuminsa ke lafiya, a nemi wuri a bakin hamada, kuma kada ruwa ya shiga tsakaninsa da su. Salmanu da Huzaifa suka fita nema, suka dace da wurin da aka kafa Kufa a shekara ta 17, wato 638. Basra kuwa Utbatu ɗan Gazwan ne ya kafa ta a daidai wannan tsakani.

Yadda aka zana Kufa abin a tsaya a duba ne. Aka fara da masallaci a tsakiya. Aka sa wani gwanin baka ya harba kibiya ta kowace fuska, inda ta faɗi daga nan gine-gine za su fara, tsakiya ta zama fili. Manyan tituna kamu 40, masu bi musu 30 da 20, lunguna kamu 7. Kowace ƙabila aka ba ta unguwarta. Da kara aka fara yin ɗakuna, da gobara ta cinye su sai suka nemi izinin gini da tubali, ya yarda bisa sharaɗin kada mutum ya wuce ɗaki uku, kada kuma a yi gasar tsawon gini. Duk wanda ya zauna a zango ko sabon gari ya san hikimar wannan, baƙo in yana cikin 'yan uwansa an san shi, ana iya nemansa, ba ya kuma takura wa 'yan ƙasa a gidajensu.

A Masar ma haka aka yi. Amru ɗan Asi ya shiga ƙasar a ƙarshen 639 da mutum wajen 4,000, aka ƙara masa da gudummawa ƙarƙashin Zubairu. Da aka ci Iskandariyya ya so ya zauna cikinta, don ga gidaje an riga an gina. Umaru ya hana saboda kogin Nilu zai raba su, sai aka kafa Fusɗaɗ, wadda yau tana cikin birnin Alƙahira. Sham kuwa aka kasa ta yankunan soja huɗu: Dimashƙa, Himsa, Urdun da Falasɗinu.

Dawaki da raƙuma

Ba a fafe gora ranar tafiya. A manyan garuruwan soja Umaru ya sa an ajiye dawaki na ko-ta-kwana, a Kufa kaɗai 4,000 ne, a hannun Salmanu ɗan Rabi'a, ana kiwonsu daga baitulmali. Amfaninsu ya fito a shekara ta 17, da aka taso wa Abu Ubaida a Himsa. Takarda na isa Kufa, Ƙa'aƙa'u ɗan Amru ya hau da mahaya 4,000 ya nufi can.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umaru kan ɗora mayaƙa a kan raƙuma 40,000 a shekara, mai zuwa Sham raƙumi ɗaya shi kaɗai, masu zuwa Iraƙi mutum biyu raƙumi ɗaya. Don kiwon waɗannan dabbobi ya keɓe hurumi a wurare irin su Rabaza. Amma ya gargaɗi baransa Hunayyu mai tsaron hurumin da ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya hana garken attajirai irin su Ɗan Aufu da Ɗan Affan. Hujjarsa ita ce, in dabbobin attajiri sun mutu yana da gonar dabino, talaka kuwa ƙofar Halifa zai zo da 'ya'yansa, kuma ba shi ciyawa da ruwa ya fi sauƙi a kan ba shi zinariya da azurfa.

Soja mutum ne, yana da iyali

Umaru yana da al'adar zaga gari da dare. Wata rana ya ji wata mata a ɗakinta tana waƙar kewar mijinta da ke wurin yaƙi. Bai tsawata mata ba. Ya je ya tambayi 'yarsa Hafsatu iyakar abin da mace za ta iya haƙurin rashin miji, daga nan ya kafa doka kada a riƙe soja a fage fiye da wata huɗu, a wata ruwayar wata shida idan an haɗa da tafiya da dawowa. Mu mazauna nesa da gida ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Wani daren kuma ya ji jariri yana ta kuka a masaukin wasu fatake. Da ya matsa wa uwar da tambaya, ba ta san ko wane ne ba, sai ta ce yaye shi take yi da wuri, don Umaru ba ya rubuta yaro a littafi sai an yaye shi. Abin ya girgiza shi ƙwarai. Da aka idar da sallar asuba ya sa aka yi shela cewa daga ranar an yanka wa kowane jariri dirhami 100 tun daga haihuwa, aka aika da wannan umarni ko'ina. An ruwaito kuma yakan bi gidajen matan da mazansu ke fage ya yi musu cefane, in wasiƙa ta zo ya kai musu, marar karatu a karanta mata. Ya kuma hana shugabannin runduna tsayar wa soja haddi a cikin ƙasar abokan gaba sai an dawo, don kada zuciya ta ɗebe shi ya koma wajensu.

Yadda ya riƙe manya

Sauƙin da ya yi wa ƙananan soja, bai yi wa shugabanni ba. Duk wanda zai naɗa sai an rubuta dukiyarsa, in ta ƙaru fiye da kima a raba biyu a kai rabi baitulmali, kamar yadda aka yi wa Amru ɗan Asi. Yana sharɗanta musu kada su hau dokin ƙawa, kada su ci gari mai laushi, kada su sa tufa mai santsi, kada su rufe ƙofa ga mabukata. Muhammadu ɗan Maslama shi ne mai bincikensa, shi aka tura Kufa ya ƙone ƙofar da Sa'adu ya sa wa gidan sarauta.

Mafi girman lamari shi ne na Halidu ɗan Walidu, wanda ba a taɓa karya shi a fage ba. Umaru na hawa ya sauke shi daga shugabancin rundunar Sham ya ɗora Abu Ubaida, Halidu ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashinsa. A shekara ta 17 kuma ya cire shi gaba ɗaya, bayan ya ji ya yi wa Ash'asu ɗan Ƙaisu kyautar dirhami 10,000. A ganin Umaru, in daga dukiyar jama'a ne ya ci amana, in daga tasa ce ya yi almubazzaranci. Mutane da yawa ba su ji daɗi ba, har wasu suka faɗa masa a fuska. Sai ya rubuta wa garuruwa cewa bai cire shi don fushi ko ha'inci ba, ya ji tsoro ne kada mutane su dogara da Halidu su manta da Mai ba da nasara. Halidu ya bi umarni, bai ja runduna ya yi tawaye ba, ya rasu a Himsa a shekara ta 21. Allah Ya ƙara musu yarda su duka.

Ba ya yarda a yi caca da ran soja. Ala'u ɗan Hadrami ya haye teku daga Bahrain zuwa Farisa ba da izini ba, aka datse masa hanyar jiragensa, sai da aka tura ɗauki daga Basra. Umaru ya sauke shi. Mu'awiya ma ya nemi izinin yaƙar tsibirin Ƙubrus ta ruwa, ya hana, sai a zamanin Usmanu aka yi.

Shekarar yunwa da annoba

Shekara ta 18, wato 639, ta gwada wannan tsari duka. Fari ya afka wa Hijaz har ƙasa ta koma kamar toka, mutanen ƙauye suka cika Madina. Umaru ya rantse ba zai ci nama ko man shanu ba sai jama'a sun samu, ya koma gurasa da man zaitun har jikinsa ya yi baƙi. Ya rubuta wa gwamnoni, Abu Ubaida ya iso da raƙuma 4,000 ɗauke da abinci. A shekarar ce kuma annobar Amwas ta faɗa wa rundunar Sham, ta kashe mutum wajen 25,000, ciki har da Abu Ubaida da Mu'azu da Yazidu ɗan Abi Sufyan. Ba ta lafa ba sai da Amru ɗan Asi ya sa mutane suka warwatsu cikin duwatsu. Bayan ta wuce Umaru ya je Sham da kansa, ya raba gadon mamata, ya sake tsara masu tsaron iyaka.

Bayan cin Masar ya sa Amru ya sake haƙa tsohuwar hanyar ruwa daga Nilu zuwa Bahar Maliya, jiragen hatsi suka riƙa sauka a Jar, tashar ruwan Madina. Aka gina rumbuna, aka riƙa rubuta wa mutane takardun karɓar rabonsu. Da Hakimu ɗan Hizam ya sayi irin wannan abinci ya sayar tun bai karɓa a hannu ba, Umaru ya warware cinikin. 'Yan uwa 'yan kasuwa, wannan hukunci yana nan cikin littattafan fiƙihunmu.

Rasuwarsa

A ƙarshen watan Zulhajji na shekara ta 23, daidai da Nuwamba 644, yana limancin asuba, Abu Lu'ulu'a bawan Mugira ɗan Shu'uba ya soke shi da wuƙa. Ya yi 'yan kwanaki yana jinya. Ya sa ɗansa Abdullahi ya lissafa bashin da ke kansa, aka sami wajen dirhami 86,000, ya ce a biya daga dukiyar iyalinsa. Mutumin da ya raba taskar Kisra ke nan. Ya bar zaɓen magaji a hannun mutum shida: Usmanu, Aliyu, Ɗalha, Zubairu, Sa'adu da Abdurrahmanu ɗan Aufu. Cikin wasiyyarsa ya ja hankalin wanda zai gaje shi a kan mutanen garuruwan soja, ya kuma ce a cika wa waɗanda ba Musulmi ba alkawarinsu, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Da izinin Nana A'isha aka binne shi kusa da Manzon Allah (S.A.W.) da Abubakar, bayan shekara goma da wata shida yana mulki.

Tsarin matakan albashi ya zo da nasa nauyi. An ruwaito cewa a ƙarshen rayuwarsa ya yi niyyar daidaita mutane in ya ga baɗi, ajali bai bari ba. Da garuruwa irin su Kufa suka cika da sababbin zuwa masu karɓar 200 da 300, alhali maƙwabcinsu na karɓar 2,000 a kan yaƙin da aka yi tun da daɗewa, sai guna-guni ya yi yawa, kuma masana tarihi na lissafa wannan cikin abubuwan da suka hura wutar fitina a zamanin Usmanu. Duk da haka littafin ya rayu kusan shekara 200, sai a 833 Halifa Mu'utasim ya sa aka cire sunayen Larabawan Masar daga cikinsa. Kalmar ma ba ta mutu ba. Daga Larabci ta shiga harsunan Turai, Faransawa suka kira ma'aikatar kwastan da ita, shi ne duwan ɗin nan da masu zuwa Kwatano da Maraɗi suka sani.

Abin da muke fata masu karatu su riƙe shi ne, Umaru bai fita fage ko sau ɗaya ba a zamanin halifancinsa. Yana Madina da takarda da alƙalami da ma'auni, ya san sunan sojansa, ya san cin cikinsa, ya san ranar da ya kamata ya koma wa matarsa. Duk wanda Allah Ya ɗora masa jama'a, ko yaran shago uku ne, yana da abin koyi a nan. Allah Ya ƙara masa yarda, Ya ba shugabanninmu ikon koyi da shi, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.